Ƙaramar giyar Hilux ɗina tana fita da kanta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana mota ku agaza mini. Hilux ce ƙirar 1998, da ita nake kwaso masara daga gona wajen Kujama. A 2H (giyar da tayoyi biyu kaɗai ke ja) lafiya lau take tafiya, amma da na sa 4L (ƙaramar giyar da tayoyi huɗu ke ja) cikin taɓo sai ta yi ƙara kamar ana niƙa, sandar giyar ta dawo furi da kanta. Na kulle hob ɗin tayoyin gaba (makullin da ke sa su ja), na canza sil ɗin da ke yoyo a tiransifa (akwatin giyar da ke raba ƙarfi ga tayoyin gaba da na baya), na zuba mata mai 75W-90. Abin da ya tayar mini da hankali, tsohon man ya fito da ɓarɓashin ƙarfe, har yana ƙyalli a tafin hannuna.

Bakanikena ya ce mu sayo tiransifa 'yar Beljiyam a Panteka, ni kuwa kuɗin ba su kai ba, ga damina ta kankama. Haƙoran giya ne suka cinye, ko boris? Akwai wanda ya taɓa kwance irinta a nan Kaduna?