Neman shawara: "tun ranar Litinin" ta jawo mana asara a Apapa, ina kuskuren Turancina yake?

Mai tambaya, daga Apapa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakon malamai da duk wanda ya taɓa fama da irin abin da ya same ni. Shekarata shida a wani ofishin fiton kaya a Apapa da ke Legas, kuma tun bara aka ɗora mini rubuta wasiƙun imel ga abokan hulɗarmu na waje. Na yi digiri, ina karanta jaridar Turanci ba tare da ƙamus ba, amma makon jiya na yi kuskuren da har yanzu ya tsaya mini a rai.

Wani Bature ɗan Ingila da ke kula da kayan wani kamfani ya tambaye mu labarin kwantenarsu. Mun gama da kwastam tun ranar Litinin, saura kawai su turo mota ta ɗauka. Da wannan nufin na rubuta masa: "We have been clearing the container since Monday." Shi kuwa ya fahimci har yanzu muna kan aikin. Bai turo mota ba sai ranar Alhamis, bayan ya bugo waya ransa a ɓace. Kuɗin ajiya na kwana uku ya hau kan kayan, kuma ofishinmu ne ya biya.

A makaranta an koya mana lokuta 12 na Turanci, na haddace su tsaf. Littafi ya ce since tana tafiya da have been, na kuwa haɗa su. To ina na kauce? Mutumin nan ya taɓa gyara mini "I have sent it yesterday" da "We are having three trucks", na karɓi gyaran ban san dalili ba. Na gaji da zaɓen lokacin aikatau da kintace.

Malamin Turanci, daga Agege:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba. Jimlarka daidai take a nahawu, kuma wannan ne ya sa ta yi ɓarna: da karyayya ce, da mutumin ya tambaye ka me kake nufi. Da yake lafiyayya ce, sai ya gaskata ta.

Ka ajiye teburin nan na lokuta 12 tukuna. Aikatau na Turanci sauyi biyu kacal yake yi a jikinsa don nuna lokaci, na yanzu da na baya: clear da cleared, go da went. Ko lokaci mai zuwa ba shi da siffa tasa, sai an ɗauko will ko going to. Sauran abin da ke cikin teburin ba amsar "yaushe?" yake bayarwa ba. Ginin -ing da ginin have suna nuna yanayin aiki ne, wato ta ina mai magana yake kallonsa: yana tsakiyarsa, ko ya kammala, ko an fara shi a baya ya miƙo har zuwa yanzu.

Mu Hausawa wannan yanayin shi ne abin da bakinmu ya fi sabawa da shi. Dubi "ina aiki". Za ka ce "jiya da ka kira ina aiki", ka ce "yanzu haka ina aiki", ka ce "gobe war haka ina aiki". Ina ɗin ba ta motsa ba, jiya da gobe ne suka ɗauki nauyin lokaci. Haka "na gama": a aji ana kiransa shuɗaɗɗen lokaci, amma ai kana cewa "kafin ka iso gobe na gama". Goben ba ta zo ba, ga shi ka sa na. Abin da na ɗin take faɗa shi ne aiki ya kammala, ko yaushe ne. Turanci kuwa yana tilasta maka amsa tambayoyin biyu a kan kowane aikatau, yaushe kuma a wane yanayi. Shi ya sa "ina aiki" guda ɗaya take rabuwa uku: was working, am working, will be working.

Yanzu ga inda ka kauce. Kalmar tun aiki biyu take yi mana. "Ina jiranka tun safe", jiran bai yanke ba har yanzu. "Tun safe ya tafi", tafiyar ta faru sau ɗaya ta ƙare, muna dai nuna ta daɗe da faruwa. Since ta farkon ce kawai take ɗauka. Kai tun ta biyu kake nufi, ka fassara ta da since, since ta jawo maka have been, ka ƙara -ing a kai, wanda shi kuma yake cewa ana tsakiyar aiki. Kowane yanki na jimlar yana gaya wa Baturen ba ku gama ba.

Abin da ya kamata: "We cleared the container on Monday." In kana so ka ji ɗanɗanon tun ɗin nan, sai ka kawo halin da ya ɗore, ba aikin da ya ƙare ba: "The container has been ready since Monday." Gamawa sau ɗaya ake yi, zaman jira ne yake miƙewa daga Litinin zuwa yau.

Batun yesterday kuma daga saiwa ɗaya suka fito. Ginin have ƙafarsa ɗaya a yanzu take, yana cewa ga abin da ya faru, ga kuma tasirinsa a gabanmu. Da zarar ka ambaci lokacin da ya rufe, yesterday ko last week ko in 2019, ka datse wannan igiyar, sai tsurar shuɗaɗɗe: "I sent it yesterday." In ba ka ambaci rana ba, kana so ya duba akwatinsa ne yanzu, "I have sent it" ta wadatar.

Ma'aikaciyar jinya, daga Idi-Araba:

Ɗan uwa sannu, na san zafin abin nan. Malam ya gama magana a kan tun, ni bari in taɓa "we are having", don a kanta na fi shan gyara lokacin da nake shirin IELTS, jarrabawar gwada ƙwarewa a Turanci. A ɓangaren rubutu, nahawu ɗaya ne daga ma'aunai huɗu da ake ba da maki a kansu, kuma irin waɗannan ƙananan abubuwan ne suke riƙe mutum.

Muna cewa ina da, ina so, ina ji, ina gani. Kunnenmu ya saba duk inda aka ji ina, sai a sa -ing. To Turanci yana da wasu aikatau na hali, irin su have na mallaka, know, want, own, understand, belong, waɗanda ba sa son -ing, don ba aiki ne da ake tsakiyar yinsa ba. "We have three trucks." Wani abin mamaki, Hausa tana juya wasunsu ta ɗaya gefen: na sani, na gane, na yarda, duk da siffar kammalawa, alhali Bature na yanzu yake sa musu, "I know", "I understand", "I agree". Na daɗe ina cewa "I understood" ga likita yana cikin yi mini bayani.

Idan ka ga -ing a jikin irinsu, ma'ana ce ta sauya. "She is having lunch" ci ne, ba mallaka ba. "He is rude" halinsa ne, "he is being rude" yau ne ya tashi da shi.

A wajen aikinmu abin ba wasa ba ne. "He has had a fever for three days" na nufin zazzaɓin yana jikinsa har yanzu. "He had a fever for three days" na nufin ya sauka. Kalma ɗaya ce tsakaninsu, amma wadda za ta karɓe ni aiki abin da za ta yi wa majinyacin ya bambanta.

Ɗalibin ilimin harsuna, daga Akoka:

Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ina so in ƙara cewa Legas kanta tana da hannu a wannan. Buroka da muke ji daga kasuwar Mile 12 har bakin tashar jiragen ruwa ta Tin Can ita ma yanayin aiki take bi kamar Hausa: "I don clear am" an gama, "I dey clear am" ana kai, "I go clear am" za a yi. Yarbanci ma haka, ti ta kammalawa, ń ta ci gaba. Harsuna uku ke nan a kunnenka kullum suna tafiya hanya ɗaya. Mutum yakan ɗauka "don" ta Buroka ita ce have, kuma sau da yawa suna dacewa, sai dai a Buroka babu laifi ka ce "I don send am yesterday". Daga nan "I have sent it yesterday" take shigowa rubutu ba sallama.

Akwai kuma sabau. Muna da nakan, yakan, sukan, sai mu nema musu gida a Turanci mu ce "I use to go to Apapa every day". Used to na abin da aka saba a da ne aka daina. Sabon yanzu tsurar aikatau ce: "I go", ko "I usually go". Wanda ya rubuta wa abokin ciniki "we used to deliver to Kano" ya gaya masa sun daina kai kaya Kano.

Abu guda da zan ɗan sassauta: Amurkawa sukan ce "I already sent it" ko "Did you eat yet?" inda mutumin Ingila zai fi son have. Don haka in ka ga haka a wasiƙar Ba'amurke kada ka rikice. Amma have tare da yesterday, duka ɓangarorin ba sa karɓa.

Wani Alhaji mai harkar kaya, daga Tin Can:

Ɗana, ni ban yi zurfi a boko kamar waɗannan ba, amma na fi shekara ashirin ina wannan harka. Ka koyi duk abin da suka faɗa, yana da amfani. Sai dai inda kuɗi yake, ban yarda in rataya shi a wuyan aikatau ɗaya ba. Yaran ofishina na hana su aika wasiƙa sai da abu uku a ciki: ranar da abu ya faru da lambobi, halin da kaya suke ciki yau, da abin da muke so mutumin ya yi. Da ka ƙara layi ɗaya ka ce ya turo mota, ko jimlar farko ta karkace, ta biyun za ta sa ya ɗaga waya tun ranar.

Kuma a gaya masa batun had, Malam. Mun taɓa rigima da wani direba a kan rahoton da yaro ya rubuta, ya ce "when we arrived, the truck left", alhali kafin su isa motar ta riga ta tafi. Mai kaya ya ɗauka direban ya gan su ne ya ja mota.

Malamin Turanci, daga Agege:

Gaskiya ne Alhaji, Allah ya ƙara girma. Wurin had ke nan: "When we arrived, the truck had left." Ita ce "ta riga ta" tamu idan labarin na baya ne. Amma ƙanena kada ka mayar da ita ado. Ɗalibaina da yawa suna zuba had a kowane layi don suna jin ta fi nauyi. Idan kana jero abubuwa yadda suka faru, tsurar shuɗaɗɗe ta isa, kamar yadda muke cewa muka je, muka biya, muka fito. Sai lokacin da za ka koma baya daga inda labarin ya tsaya ne take da aiki.

Mai tambaya, daga Apapa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, batun tun biyu ɗin nan ya warware mini abin da ya fi shekara yana ɗaure mini kai. Na koma cikin tsofaffin wasiƙuna jiya da daddare, na tarar da since a wurare bakwai, huɗu daga ciki tun ta biyu nake nufi. Anti, na ga "we are having" har a takardar da muke raba wa sababbin abokan ciniki, na nuna wa oga. Baba Alhaji, na ɗauki abubuwa ukun nan.

Akwai wata kwantena da aka saki yau, ga abin da na shirya aikawa, a duba mini kafin in tura: "Customs released the container this morning. It is now waiting at the terminal. Please send the truck tomorrow. When the truck will arrive, we will have finished the gate papers."

Malamin Turanci, daga Agege:

Madalla. Jimloli ukun farko ba abin taɓawa, kuma will have finished ta zauna daidai, ita ce "kafin ka iso gobe na gama" da na ambata ɗazu. Gyara ɗaya ne: cire will ɗin da ke bayan when. Bayan when, if, before, after, until da as soon as, idan maganar gaba ake yi, Turanci siffar yanzu yake sawa. A nan ma Hausa ba ta sa za, "idan mota ta iso" muke cewa. Kuma tunda nufinka kafin isowarta ne, by the time ta fi when fito da shi: "By the time the truck arrives, we will have finished the gate papers." Ka sa kwanan wata a gefen this morning da tomorrow kamar yadda Alhaji ya ce, don ba ka san ranar da zai buɗe wasiƙar ba. Daga nan ka tura.