Neman shawara kan ɗinkin kaftan ga jami'in tsaro mai ɗauke da babbar bindigar hannu

Mai Ɗinki, Wuse:

Assalamu alaikum. Ni tela ne a Abuja, kayan maza nake ɗinkawa, kuma ina neman shawarar waɗanda suka san aikin tsaro da kuma abokan sana'ata. Wani jami'in tsaro na gwamnati da ke aiki ba tare da kayan sarki ba ya kawo mini yadi, yana son kaftan da zai riƙa sakawa ranar Juma'a da wajen ɗaurin aure ko ta'aziyya, domin a irin waɗannan wurare kwat na sa shi ya fita daban a cikin masu manyan kaya, alhali aikinsa yana bukatar ya saje da jama'a. Bindigar hannun da aka ba shi a wurin aiki babba ce, kuma ba shi da zaɓi a kanta. Ya ce idan ya saka kaftanin da yake da su, shatinta yana fitowa a ƙugunsa, wandon yana rinjaya gefe guda, tsawon rigar kuma yana hana hannunsa isa gare ta. Na yi tunanin in yi masa babban aljihu mai ƙarfi daga ciki, amma ban yanka yadin ba tukuna. Wane yadi ya fi dacewa, yaya faɗin rigar zai kasance, kuma aljihun nan dabara ce ko kuwa?

Tsohon Jami'i, Kubwa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi daidai da ka dakata kafin ka sa almakashi, domin aljihun nan shi ne abin da zan roƙe ka ka bari gaba ɗaya. Bindiga ba ta zama a aljihun yadi, komai ƙarfin ɗinkinsa. Wurinta kube ne mai tauri, na fata ko na roba, wanda aka yi shi daidai da ƙirarta kuma yake rufe kunamarta ruf, saboda yadi yana iya naɗewa ya shiga wurin kunamar, ko yatsan mutum ya taɓa ta ta bayan yadin, kuma bindigogi irin su Glock ba su da makullin gefe da ake kunnawa da kashewa da babban yatsa. Saboda haka kuben ne zai riƙe ta, ɗamara ta riƙe kuben, rigarka kuwa aikinta rufewa kawai.

Ka lura da nauyin abin da ake magana a kai. Glock 17, mai ɗaukar harsashi 17, tsawonta ya kai kusan santimita 20, kuma idan aka cika ta nauyinta ya ɗan haura giram 900. Beretta 92 ta fi ta tsawo da nauyi, domin tun babu harsashi a cikinta ta kusa kilo guda. Wandon kaftan da muka saba da shi, mai zariya ko mai roba, ba a yi shi domin ya ɗauki kilo guda a gefe ɗaya daga safe zuwa dare ba, kuma wannan ne dalilin rinjayar da ya gaya maka. A ganina rabin aikinka yana kan wandon. Ka yi masa ƙugu irin na wandon kwat, mai tauri a ciki, da madaukan bel masu faɗi waɗanda aka ninka ɗinkinsu, ka tabbatar akwai guda a gaban inda kuben zai zauna da guda a bayansa. Idan a cikin wandon yake sa kuben, sai ka ƙara faɗin ƙugun da kamar inci biyu, in ba haka ba zai matse shi har ya kasa zama a mota.

Mutane da yawa suna zaton tsawon bakin bindigar ne ke tona ta, amma bakin yana kwance ne a jikin cinya. Mariƙinta ne ke turo riga, musamman idan mutum ya sunkuya, kuma mu da muke ruku'u da sujada sau da yawa a yini dole mu yi la'akari da wannan fiye da kowa. Rigar da ta zauna daidai a tsaye tana iya ɗamewa a baya lokacin ruku'u, duk sahun baya su ga abin da ke ƙugunsa. Ka sa shi ya yi ruku'u, ya zauna, ya ɗaga hannuwa sama lokacin gwaji.

Game da tsawo kuwa, kaftan da ya sauka har ƙwauri ba zai yi masa ba sai an ɗaga tsagar gefe ta kai kusa da ƙugu. Wasu suna buɗe bakin aljihun gefe ya zarce ciki ba tare da jakar aljihu ba, yadda hannu zai wuce kai tsaye. Wanda ya fi sauƙi shi ne jamfa da ta tsaya a saman gwiwa.

Lauya, Garki:

Alhaji ya yi bayani mai gamsarwa a kan aikin, ni kuma ina so in ƙara abin da ya shafi doka, domin masu karanta wannan tattaunawa ba jami'ai ne kaɗai ba. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yanzu take aiki a Najeriya, ta kasa bindigogi kashi uku. Bindigar hannu, ko fistol ce ko libarba, tana cikin kashin farko na haramtattun makamai tare da bindigogin soja, kuma Shugaban Ƙasa ne kaɗai ke da ikon ba da lasisin mallakarta. Bindigar farauta ta zamani tana kashi na biyu a ƙarƙashin Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka ta gargajiya kuwa tana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Hukuncin riƙe makamin kashin farko ba tare da izini ba ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba. Ko a 2022, da gwamnatin Zamfara ta shawarci jama'arta su nemi lasisin bindiga saboda 'yan bindigar daji, Babban Hafsan Tsaro na lokacin ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi.

Haka kuma dokar kamfanonin gadi masu zaman kansu ta 1986 ta hana ma'aikatansu ɗaukar bindiga, don haka wanda ya ce shi mai tsaron lafiyar wani attajiri ne a ƙarƙashin kamfani bai shiga cikin waɗanda doka ta yarje wa ba. Malam tela, ɗinka riga mai faɗi ba laifi ba ne, amma tun da an gaya maka dalilin ɗinkin, ina ba ka shawara ka nemi ganin katin shaidar aikinsa cikin mutunci. Jami'i na gaskiya ba zai ji haushin haka ba.

Tela, Jos:

Abokin sana'a, ni ta ɓangaren yadi zan shigo. Ka guji boyel da duk wani yadi mai laushi da ke bin jiki, kuma ka guji fari sol, domin baƙin kube yana bayyana ta cikinsa idan mutum ya tsaya a rana. Shadda mai jiki, wadda ta sha sitati daidai gwargwado, tana tsayawa da kanta ba ta kwantawa a kan abin da ke ƙarƙashinta, sai dai tana da zafi, kuma idan zufa ta jiƙa ta taurin nan yana tafiya. Yadi mai duhu, ruwan toka ko shuɗi mai duhu, wanda yake da ɗan zane a jikinsa, ya fi ɓoye ƙullutu fiye da yadi lami. Ka fara buɗe rigar tun daga ƙarƙashin hammata, kafaɗa kuwa ka bar ta daidai da awonsa, domin rigar da ta yi wa mutum yawa a kafaɗa ita kanta tana jawo ido. Sannan ka yi shafi na yadi mai santsi daga ciki a gefen da kuben yake, saboda gogayyar mariƙin tana huda riga cikin 'yan watanni.

Mu a Jos sanyi yana taimakonmu, domin ba wanda zai yi mamakin ganin mutum da falmaran ko jaket a kan kaftan, musamman da hunturu. A Abuja cikin watan Maris da Afrilu wannan ba zai yiwu ba. Babbar riga tana rufe komai, amma ban ba da shawararta ga mai aiki ba, tun da hannuwansa za su shagala da naɗe ta a kafaɗa.

Ɗan'uwa, Gwarinpa:

Na yi karatu a Amurka, inda wannan batu yake na farar hula ne, domin tun 2013, da jihar Illinois ta zama ta ƙarshe wajen amincewa, kowace jiha tana da hanyar ba mutum damar ɗaukar bindiga a ɓoye, kuma a 2022 Kotun Ƙolinsu ta soke sharaɗin jihar New York na sai mutum ya nuna dalili na musamman. Abin da na gani a can shi ne da yawansu suna sauya bindigar ne idan zafi ya zo, su ajiye babbar su ɗauki ƙarama kamar Glock 19 ko wadda ta fi ta ƙanƙanta. Jami'inmu ba shi da wannan dama, don haka nauyin ya koma kan tela.

Mai Ɗinki, Wuse:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bar maganar aljihu, kuma zan nemi katin kamar yadda Barista ya ce. Saura tambaya guda, Alhaji: yaya zan auna shi daidai, alhali ba na son a fito da makami a shagona inda yara masu koyon aiki suke?

Tsohon Jami'i, Kubwa:

Ba a bukatar fito da ita ko kaɗan, Malam, kuma kada ka yarda ka taɓa ta ko wani yaronka ya taɓa. Ka ce ya zo da bel ɗin da yake aiki da shi da kuben babu komai a ciki, ka ɗauki awon ƙugu a kan su, sannan ya nuna maka da hannunsa iyakar inda mariƙin yake kaiwa a sama da bel, ka yi alama da alli. Ka fara ɗinka guda ɗaya da yadi mai araha, ya tafi da shi ya gwada a wurin aikinsa na tsawon yini, a mota da masallaci, ya dawo ya gaya maka inda ya matse da inda ya ɗaga kafin ka yanka shaddar.