Me zan haɗa da talo-talo ran Sallah?

Amarya daga Zango: Salamu alaikum. Maigida ya kiwata talo-talo, za mu gasa shi ran Sallah ƙarama, baƙi 12 ne, har da surukata. Jikka 3 gare ni na abin sha. Lemun kwalba ba zai isa ba. Me zan yi?

Uwargida daga Birni: Ƙanwata, bisap, wato ruwan zoɓo! Ƙirjin talo-talo ba shi da mai, a bushe yake, tsamin zoɓo ne ke sauke shi. Je kasuwar Dole ki sayo zoɓo da citta da kanumfari. Kada ki daɗe kina tafasa shi, ɗaci yake yi. Sukari kaɗan, sai firigo.

Wata maƙwabciya: Ki ƙara ruwan tsamiya domin tsofaffi.

Amarya daga Zango: Na gode, Yaya. Allah ya saka.