Gwamnati daban, talakanta daban

Daren jiya a teburin mai shayi a Tudun Wada, Zariya, hira ta kai mu ga yadda ake yi wa mutanen wata ƙasa kuɗin goro bayan harin ta'addanci.

Wani malami daga Samaru ya ce a fara tambaya: wa ya shirya, wa ya ba da kuɗi? In gwamnati ce, a kira sunanta, a bar cewa "'yan ƙasa kaza". Galibi talakan can ya fi kowa shan wuyarta.

Wani dattijo ya ajiye kofinsa, ya tuna mana Disamba 2009, lokacin da ɗan Najeriya Umar Faruk Abdulmutallab ya yi yunƙurin tarwatsa jirgin sama mai zuwa birnin Detroit na Amurka. Mahaifinsa da kansa ya kai rahotonsa ofishin jakadancin Amurka tun kafin nan, amma aka sa Najeriya cikin ƙasashe 14 da Amurka ke tsananta wa matafiyansu bincike a lokacin. "Yarana, mun ɗanɗana, kada mu yi wa wasu," in ji shi. Wannan ta fi shiga raina.

Sauran shawarwarin da aka bayar: a tantance saƙon WhatsApp kafin a tura, a kuma leƙa baƙon da ke unguwa a gaishe shi, don shi ke kwana da fargaba.