Ina neman shawara kan darasin zana jikin mutum

Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina shekarar farko a sashen zane na jami'a, kuma wannan zangon aka fara mana darasin zana jikin mutum. Kwalba da kujera ina zana su lafiya lau, amma da zarar an tsayar mana da mutum a tsakiyar aji sai hannuna ya rikice. Kai ya yi ƙato, ƙafafu su gajarce, wani lokacin takarda ta ƙare ban kai ga sawu ba. Don Allah yayyena da suka riga mu, me zan fara gyarawa?

Bashir: Wa alaikumus salam ƙanwata. Daga bayaninki na gane daga fuska kike farawa, shi ya sa takarda ke ƙare miki. Kafin ki ja layi ko ɗaya, yi alama inda tsakar kai zai tsaya, ki yi wata inda tafin ƙafa zai sauka, sannan ki raba tsakaninsu biyu. A jikin baligi, rabin tsayi yana faɗawa ne a ƙasan ƙugu, inda ƙafafu suka rabu, ba a cibiya ba kamar yadda ido ke zato. Wannan kaɗai zai tsawaita miki ƙafafun. Sai ki riƙe kai a matsayin ma'auni: yawancin manya tsayinsu kusan kai bakwai da rabi ne, jariri kuwa kusan kai huɗu. Idan hannu ya sauka, gwiwar hannu tana wajen kwiɓi, yatsu kuma suna kai wa tsakiyar cinya. Idanu ma a tsakiyar kai suke, ba can sama kusa da gashi ba.

Malam Habu: Bashir ya faɗi daidai, amma ina so in ja kunnenki, 'yata. Waɗannan lissafe-lissafen na wanda ya tsaya ƙyam ne yana fuskantarki. Da ya zauna, ko ya sunkuya, ko ya miƙo hannu wajenki, lissafin ya tashi aiki. Ko a tsaye ɗin ma mutane ba ɗaya suke ba. Zanen nan na Leonardo da Vinci na wajen 1490, mai mutum a cikin da'ira da murabba'i, yana nuna faɗin hannuwa a buɗe daidai yake da tsayi, amma wannan siffa ce ta misali. Albrecht Dürer na Jamus, a aikinsa kan ma'aunin jiki da ya fito a 1528, bai tsaya kan siffa ɗaya ba, ya kawo masu ƙiba da sirara, maza da mata. Don haka ki auna wanda ke gabanki. Miƙe hannunki gaba ɗaya, kada gwiwar ta lanƙwashe, rufe ido ɗaya, ki daidaita bakin fensir da tsakar kansa, babban yatsa a haɓarsa, sannan ki ƙirga sau nawa wannan tsawon ya shiga jikin. Idan gwiwar hannunki ta lanƙwashe tsakanin awo da awo, duk awon ya ɓaci. Haka za ki riƙe fensirin a tsaye ki ga me ke ƙarƙashin me: kunne yana saitin dunduniya ne ko yana saitin yatsun ƙafa?

Zainab: Malam, a yi mini afuwa, ni a ganina awo ba shi ne na farko ba. Na ga ɗalibai da yawa masu awo daidai, amma zanensu ya sandare, babu rai a ciki. Ummi, abin da zan ba ki shawara shi ne zanen sauri. Nemi takarda babba mara tsada, irin ta buga jarida, wadda ba za ki ji ciwon ɓata ta ba, da gawayin zane mai laushi. Mutum ya tsaya daƙiƙa 30, ko minti ɗaya, ko biyu, ki kama abin da jikinsa ke yi daga kai har ƙafa da layuka kaɗan. Babu ido, babu hanci, babu yatsu. Ki tsaya da ƙafarki a gaban allon, ki riƙe gawayin a kwance cikin yatsu, ba riƙon biro ba, motsin ya fito daga kafaɗa. Lokacin ba zai bar ki ki tsaya kan fuska ba, dole ki ga mutumin gaba ɗayansa.

Abin da za ki fara tambayar kanki kullum: wace ƙafa ce ke ɗauke da nauyi? Idan mutum ya dogara kan ƙafar dama, ƙugunsa na dama yana ɗagawa sama, kafaɗar dama kuma ta sauko. Ki sauke layi a miƙe daga ramin wuya, za ki ga ya faɗa kan ƙafar da ke ɗauke da nauyin. Masu sassaƙa na Girka, irin su Polykleitos, sun gane wannan tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa. Idan zanenki ya yi kamar zai faɗi, wannan layin ne ya kauce.

Nura: Duk na yarda, amma fa sai da ƙashi. Jikin baligi ƙasusuwa 206 ne, ba a ce ki haddace su ba. Manyan gaɓoɓi uku ne ba sa sauya siffa: ƙoƙon kai, kejin haƙarƙari da ƙashin ƙugu. Ki ɗauki haƙarƙari kamar ƙwai, ƙugu kamar akwati, ƙashin baya ne ya haɗa su, kuma tsakaninsu ne jiki ke murɗawa da lanƙwasa. Sai ki koyi wuraren da ƙashi ke taɓa fata: ƙashin wuya da ya miƙe zuwa kafaɗa, allon kafaɗa, gwiwar hannu, ƙoƙon gwiwa, ƙwauri, idon sawu. Tsoka da kitse suna bambanta daga mutum zuwa mutum, waɗannan wuraren kuwa suna nan a kowa. Ƙaramin misali: idon sawu na ciki yana ɗan sama da na waje. Idan sashenku yana da ƙwarangwal na koyarwa, ki zauna gabansa ki zana shi ta gaba, ta gefe, ta baya.

Zainab: Nura, ban ƙi ba, amma a zangon farko kada ta nutse cikin sunayen tsoka har ta koma zana abin da ta haddace ta bar abin da ke gabanta.

Nura: Shi ya sa na ce ƙashi, ban ce tsoka ba. Tsoka sai daga baya.

Ummi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura tambaya biyu. A wajen aji ba ni da wanda zai tsaya mini, ko zan iya amfani da hotunan waya? Sannan an ce a gaba akwai zaman da mai tsayuwar ba ya sa cikakkiyar sutura, ni kuma abin ya tsaya mini a rai.

Anti Rabi: Ummi, ta biyun zan fara amsawa. Tsarin makarantu ya bambanta, wasu da sutura ake yi gaba ɗaya, wasu a'a. Ki je wurin malaminki tun yanzu, ba ranar zaman ba, ki faɗa masa damuwarki cikin ladabi, ki tambaye shi me zai karɓa a madadi. Akwai ƙwarangwal, akwai mutum-mutumin filasta, wanda da shi makarantun zane na Turai suka daɗe suna fara koyar da ɗalibai kafin a kai su gaban mai rai, akwai kuma mai tsayuwa cikin kayan motsa jiki. Zana mai sutura ma ilimi ne mai zaman kansa, domin yadi yana rataye ne daga kafaɗa, ƙugu da gwiwa, wanda bai san inda suke ba ninkin yadinsa ba zai zauna ba.

Kowane irin zama ne, mai tsayuwar nan aiki yake yi mai wuya. Tsayuwa wuri ɗaya na minti 20 tana sa jiki tsami, shi ya sa ake ba shi hutu, a yi alama a ƙasa inda ƙafafunsa suke don ya koma daidai. Ba a ɗaukarsa hoto, ba a taɓa shi, ba a yin magana a kan jikinsa. Idan ya goce daga tsayuwar, malami ake gaya wa.

Hoto kuwa, ki yi amfani da shi amma ki san halinsa. Kyamarar waya idan ta matso kusa tana ƙara girman abin da ke gaba, kuma ta riga ta baje miki komai a shimfiɗe, alhali wannan aikin ne ake so idonki ya koya. Gara ki riƙe ƙaramin littafin zane ki zana abokan karatunki suna zaune suna karatu, da izininsu.

Bashir: Ga madubi kuma, ki zana kanki a ciki. Hannunki da ba kya rubutu da shi yana tare da ke ko'ina, ƙasusuwa 27 ne a ciki, ki zana shi a dunƙule, a buɗe, yana riƙe da abu. Fara da siffar tafin, yatsu su zo ƙarshe. Kuma tafin hannu da yatsu ya kai tsawon fuska daga haɓa zuwa goshi, kada ki ƙanƙantar da shi.

Malam Habu: Idan kina son abin kwaikwayo a gida, nemi zanukan koyarwa na Charles Bargue, waɗanda aka buga a Faransa a ƙarni na 19. Van Gogh, shahararren mai zane ɗan ƙasar Holland, da su ya horar da hannunsa a 1880. Suna koya miki tsara siffa da miƙaƙƙun layuka tukuna, sannan ki zagaye su. Game da inuwa, kada ki taɓa ta sai siffar ta zauna. Idan lokacinta ya yi, ƙanƙance idanunki har komai ya koma kashi biyu, haske da duhu, ki shafa duhun da launi ɗaya kafin ki shiga rarrabewa. Hasken da za ki fitar, da magogi mai laushi da ake murzawa a hannu za ki ɗauke shi. Ki riƙa ja da baya kina kallon aikin daga nesa, ko ki duba shi a madubi, karkacewar da ido ya saba da ita za ta fito fili.

Ummi: Malam, gawayin yana gogewa idan na haɗa takardun a jaka. Akwai dabara?

Malam Habu: Akwai ruwan feshi da aka yi don kama gawayi a jikin takarda. Ki fesa shi sama-sama daga ɗan nesa, a wuri mai iska, ba cikin rufaffen ɗaki ba. Zanen sauri ba sai kin fesa ba, saka farar takarda tsakaninsu ya isa. Ki rubuta kwanan wata da tsawon lokacin tsayuwar a gefen kowanne, domin a ƙarshen zango malamai kan nemi ganin aikin a jere.