Kyamarar da ake bari a daji, me za mu kira ta?

Ɗalibi a Madina: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ina fassara wani bayani kan gandun dajin Shar'an da ke Al-Ula a Saudiyya, na cije a kalma ɗaya. Wata 'yar kyamara ce da ake ɗaurewa a jikin itace ko dutse, a tafi a bar ta wata da watanni. Tana jin ɗumin jiki da motsi. Dabba na giftawa sai ta ɗauke ta hoto, ko da tsakar dare, da hasken da idon mutum ba ya gani. Turawa da tarko suke kwatanta ta, shi ya sa na rubuta "tarkon hoto". Ya yi?

Kawu na Jidda: Ɗana, mahaifina maharbi ne. Tarko kamawa yake, ya karya ƙafa. Ka ce wa mutumin ƙauye an ɗana wa damisa tarko, fatar zai tambaye ka. Alhali damisar Larabawa ta kusa ƙarewa, a Ɗa'ifa ake kiwonta a killace, har ma an ware mata ranar 10 ga Fabrairu ta kowace shekara. Cire tarkon nan.

Direba a Riyad: To a ce "mai gadin daji".

Kawu na Jidda: Shi kuma ma'aikacin da ke yawo da mota cikin rana, ka kira shi me?

Hajiya a Makka: Ku duba aikinta mana. Ba ta bin dabba, ba ta kama ta. Laɓewa take ta jira, sai an zo wucewa. Wannan ai kwanto ne. Kyamarar kwanto.

Ɗalibi a Madina: Hajiya, kin warware mini. An nuna mana hotunan da irinta ke tarawa: yawanci ciyawa ce iska ta kaɗa, sai ƙafafun raƙuma, can cikin dubbai ka ga barewa ta leƙo da hanci dab da gilashin. Kwamfuta ce ke tsince masu amfani. Da su ake gane mashayar da dabbobi ke zuwa, da inda kiwo ya cinye ƙasa har sai an hutar da wurin, da inda ya dace a saki mariri.

Kawu na Jidda: Na yarda da kwanto. Amma ku bar mini "ɗanawa". A ce an ɗana kyamarar kwanto a bakin kwari.

Ɗalibi a Madina: Haka zan rubuta, Kawu. Saura abin wuyan da ake sa wa mariri don a bi sawunsa ta tauraron ɗan'adam.