Memorin Hajiyarmu ya daina karantuwa kuma muryar Baba na ciki, don Allah shawara

Maman Hanan: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, jiya ban runtsa ba. Hajiyarmu tana da 'yar rediyo mai cin memori, irin baƙar nan mai marata da ake yi wa caji. Tun da idonta ya yi rauni ita ce abokiyar hirarta. Da asuba karatu, da hantsi tafsiri, bayan la'asar waƙoƙin gida na kalangu da kukuma da bege. Amma ba waƙoƙin ne damuwata ba. Marigayi Baba ya zo ƙasar nan ta Saudiyya tun ba a haife mu ba, ya zauna a unguwar Karantina a Jidda, a lokacin kuwa ba waya, sai mutum ya yi magana a kaset ya ba alhazai su kai gida, na gida su ma su yi nasu su aiko. Da kakarmu ta rasu a Haɗeja, ƙanin Baba ya tattaro duk waɗanda Baba ya taɓa aikawa ya dawo mana da su, aka haɗa da na nan, kwali guda cur. Har wanda ya yi ranar sunana yana ciki, yana gaya wa kakarmu wai na yi kama da ita.

Da rusau ya zo kanmu a 2022 muka koma Bahra, tsakanin Jidda da Makka, ɗaki biyu da falo, ga yara, ga Hajiya. Kafin mu tashi yayana ya kai kaset ɗin wani shago aka juye su a memori. Bara memorin ya cika, maigidana ya sayo babba mai giga 128 aka kwashe komai aka zuba. Lafiya lau har azumin nan. Sai ya fara tsallake, waƙa ta kai rabi ta yanke, sunayen folda suka koma wasu irin rubutu da ba Larabci ba ba boko ba. Jiya kuma rediyon ko kula shi bai yi ba, sai ya wuce FM. Na sa a waya, ta ce katin ya lalace sai an yi fomatin. Na ce wa Hajiya batir ne. Za a iya dawo da su? Kuma wane memori ne ba ya mutuwa?

Ɗan Jarwal: Wa alaikumus salam. Ki yi fomatin ɗin kawai, nawa ya sha yi min haka kuma yana dawowa garau. Waƙa ai sai ki je a sake tura miki.

Injiniya Abu Faisal: Ɗan Jarwal, ka karanta abin da ta rubuta kuwa? Wa zai sake tura mata muryar mahaifinta? Ƙanwata, kada ki taɓa wannan fomatin. Ki cire katin daga wayar yanzu, ki naɗe a takarda ki ajiye. Kada a sake sa shi a rediyo, kada wani yaro ya ce bari ya gwada a tasa wayar. Duk abin da aka rubuta a kansa daga yanzu yana iya hawa kan abin da muke son cetowa. Tambaya uku: nawa aka saye shi, me aka ƙara a ciki gab da azumi, kuma ina tsohon memorin?

Maman Hanan: Riyal 25, a wurin wani abokin maigida mai tebur a haraj, kasuwar gwanjo. Ba baƙo ba ne, ɗan unguwarmu ne tun Karantina, shi ya sa ya yi mana sauƙi. Gab da azumi ɗana ya zuba wa Hajiya tafsirin shekaru da yawa, wasu ma bidiyo ne, ya ce ai akwai wuri.

Injiniya Abu Faisal: To an zo wurin. Ina gyaran waya a Shari'a Falasɗin, wato titin Falasɗin na Jidda, tun zamanin Nokia, irin wannan kusan kullum sai an kawo min. Katin nan ba 128 ba ne. Ƙaramin kati ne, wataƙila 8 ko 16, aka yi wa ƙwaƙwalwarsa ƙarya don ya riƙa gaya wa waya da kwamfuta shi babba ne. Kamar a rubuta buhu a jikin mudu ne. Muddin abin da kika zuba bai wuce ainihin cikinsa ba, ba za ki ga matsala ba, shi ya sa kuka ci shekara lafiya. Ranar da yaron ya zuba bidiyo aka wuce iyaka, sai ɗayan biyu: ko dai sabon ya tafi a banza tsohon yana nan, ko kuma katin ya zagayo ya fara rubutu daga farko a kan tsohon, har da teburin da ke riƙe da sunayen fayil da inda kowane yake. Sunayen folda da suka rikice alamar an taɓa teburin ne. Idan teburin kaɗai ya lalace, muryoyin suna nan kwance, ana iya tsinto su. Idan an hau kansu, ba mai dawo da su, ko a Riyad ko a Caina.

Wani abu kuma. Kati na gaske daga giga 64 zuwa sama, wanda ake kira SDXC, da tsarin jera fayil mai suna exFAT yake zuwa. Yawancin ƙananan rediyoyin nan tsohon tsarin FAT32 kawai suka sani, iyakarsu giga 32, a duba takardar cikin kwalin za a gani. Da na ji naku ya karanta 128 ba gardama, na ƙara zargi.

Maman Hanan: Yaya Injiniya, ban jin jabu ne gaskiya. A cikin ledarsa ya zo a rufe, da sunan babban kamfani a jiki. Kuma mutumin nan ba zai cuce mu ba, shi ya ɗauki gawar Baba da motarsa.

Injiniya Abu Faisal: Ban ce ya cuce ku ba. Shi ma sarin kwali ya yi, bai gwada ba. Leda da tambari su ne mafi sauƙin bugawa a duk sana'ar. Araha ba ta ado, ƙanwata.

Baba Direba: 'Yata, Allah Ya jiƙan mahaifinki. Ni dai na ce zafi ne. Ina ɗaukar fasinja tsakanin Jidda da Makka, memori nawa suka mutu min a mota ban san iyaka ba, na tsada da na araha. Ka ajiye mota a rana ka shiga sallar azahar, ka fito sitiyari ma ba ya taɓuwa. Hajjin 2024 ai sai da zafi ya haura 51 a Makka. Kayan zamanin nan duk ƙarya ne. Kaset ɗina na tun farkon zuwana har yau yana ci, in ya tsinke ka ɗaura da selotef. Yaran yanzu kuma ka ce su gyara maka abu sai su ce Baba ka sayi sabo. Nawa ɗan da na biya wa makaranta har ya gama, ko lambar waya in ce ya sa min sai ya yi tsaki.

Injiniya Abu Faisal: Baba, rabin maganarka gaskiya ce. Memori caji ne ƙanƙane yake riƙewa a ɗakuna masu ɗimbin yawa, cajin yana zurarewa a hankali, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Shi ya sa katin da aka jefa a durowa shekaru ba a taɓa ba yana iya fitowa da ɓaraka. Amma nata a ɗaki yake, ba a kan dashbod ba. Kuma sauraro ba ya cinye kati, karatu ne kawai. Abin da ke gajiyar da shi rubutu da gogewa ne, sai kuma a fizge shi ko caji ya ɗauke ana tsakiyar zuba abu. Kaset ma ba waliyyi ba ne, shi ma zafi yana narkar da shi.

Ummu Rayyan: Ni fa ina ga bairos ne. Ya taɓa yi min, duk foldodina suka ɓace, ashe ɓoye su aka yi, wani yaro ya fito da su a kwamfuta cikin minti biyar. Ki sa ɗanki ya sauke manhajar H2testw ya gwada katin, zai nuna in jabu ne.

Injiniya Abu Faisal: A'a! Kada a sa H2testw a kan wannan katin. Yadda yake gwajin shi ne ya cika kati da rubutu sannan ya karanta ya ga ko ya dawo daidai. A kan sabon kati da ba komai ake yi, kafin a amince masa. A kan nata kuwa shi ne zai ƙarasa binne muryoyin. Bairos mai ɓoye folda kuma ba ya sa waya ta nemi fomatin. Abin yi guda ne: a sa katin a kwamfuta, ko ta nemi fomatin a ƙi, a ɗauki kwafinsa gaba ɗaya daga farko har ƙarshe a ajiye a kwamfutar, sannan a bi kwafin da manhajar ceto fayil ta PhotoRec, kyauta ne. Shi ba ruwansa da tebur, cikin katin yake bi yana gane MP3 da kansa. Sunaye ba za su dawo ba, sai lambobi, sai kin zauna kin saurara ɗaya bayan ɗaya. Ki kawo min ko ki kai wa duk wanda ya iya, amma a yi a gabanki.

Hajiya Ta Madina: 'Yata ki yi hattara da kai kati shago. 'Yar maƙwabciyata ta kai waya gyaran gilashi, bayan wata biyu hotunanta na biki suna yawo a hannun samari. Har auren ya so ya lalace. Ba da kai nake ba Injiniya, amma abokan sana'arka sai addu'a. Ni tun daga nan ko waya ta mutu sai dai in sa a akwati.

Injiniya Abu Faisal: Shi ya sa na ce a gabanta, Hajiya. Har yanzu dai ba a ba ni amsar tambaya ta uku ba. Ina tsohon memorin?

Maman Hanan: Yana wayar Hanan. Da aka kwashe aka goge aka ba ta, mai giga 8 ne, ba wani amfani zai yi mana ba tunda an samu babba. Ba za mu ajiye abu yana zaune yarinya tana kukan wuri ba.

Injiniya Abu Faisal: Subhanallahi. To wannan ya fi ma sabon sa rai. Gogewa ba ta share abu nan take, sai an rubuta wani a gurbinsa. Ki karɓe shi yau, kowane hoto da ta ɗauka yana iya cin wani yanki na muryar Baba. Ki tambaye ta kuma, lokacin da ta sa, ajiyar waje ta zaɓa ko ta haɗe shi da cikin wayar, don in na biyun ne Android ya kulle shi da sirri, aikin ya ƙara wuya.

Maman Hanan: Tana jarrabawa yanzu, darussanta duk a ciki suke, in na karɓa rigima ce. Shekara guda tana amfani da shi ai, ko me zai faru ya riga ya faru.

Abu Sultan: In akwai fatura, wato rasit, a kira 1900, layin ma'aikatar kasuwanci ne, suna karɓar ƙorafin kayan jabu. Sai mun daina yin shiru waɗannan mutanen za su daina.

Ɗan Jarwal: Fatura a tebur ɗin haraj? Kuma ka san ba kowa ne iƙamarsa, takardar zama, ke da rai ba da zai je yana kiran hukuma. Kada ka jawo wa bawan Allah tarhil, a kore shi daga ƙasa, a kan riyal 25.

Ummu Rayyan: Wai ni kam kaset ɗin na asali fa? In suna nan ai duk wannan surutun bai taso ba.

Maman Hanan: Wannan doguwar magana ce. Yayana ya ce a gidansa ya ajiye, matarsa ta ce ba ta taɓa ganin kwalin ba, wai a tsohon gida aka bari. Ni da shi ba ma wata magana tun rabon kayan Baba, sai gaisuwar sallah. Shagon da ya juye ma rusau ya ci shi, ba wanda ya san inda mai shi ya koma.

Hajiya Ta Madina: Ki cire girman kai ki kira ɗan uwanki. Wataƙila ma yana da kwafi a wayarsa bai faɗa ba. Matan 'yan uwa dai, Allah Ya shirya. Ni tawa har tabarmar sallar mahaifiyarmu ta bayar.

Injiniya Abu Faisal: Kan tambayarki ta biyu, memorin da ba ya mutuwa babu shi, ko SanDisk ko Samsung ko Kingston. Na gaske dai ya fi jimawa. Ki sayi mai giga 32 a babban shago da fatura, a gwada shi yana sabo. Kada ki raina shi, MP3 na yau da kullum kusan mega ɗaya yake ci a minti, 32 zai ɗauki fiye da awa 500, Hajiya ba za ta ƙure shi ba. Bidiyo ba shi da aiki a rediyon da ba allo. Kuma katin rediyo na aiki ne kawai, asalin ya zauna a wuri biyu daban: kwamfuta ko had-dis (hard disk) ɗaya, sai Google Drive da ke ba da giga 15 kyauta, muryoyin Baba duka ba za su cika shi ba. Ki tura wa dangi na Haɗeja su ma su riƙe.

Maman Hanan: Ni ban yarda in sa muryar Baba a intanet ba gaskiya, akwai maganganun gida a ciki. Yanzu maigida ya dawo, ya yi waya da abokin nasa. Ya ji ba daɗi sosai, ya ce a mayar masa da wannan ranar Juma'a zai ba mu mai 256 kyauta ba ko halala, don shi ma sai ya nuna wa wanda ya sara masa. Maigida ya ce a kai, kada a ɓata zumunci.

Injiniya Abu Faisal: Kada katin nan ya fita daga hannunki kafin a ɗauki kwafinsa. In ya tafi ya tafi. Kuma 256 daga kwali ɗaya za a zaro shi.

Maman Hanan: Na ji Yaya, amma ba ni kaɗai ke da magana ba. Bahra zuwa Falasɗin ma sai ya samu hutu ya kai ni, kuma ranar Juma'a kawai yake hutu.

Baba Direba: Injiniya, tunda kana nan, rediyon motata in na sa filashi sai ya riƙa farawa daga waƙar farko duk sanda na kashe mota. Na filashin ne ko na rediyon?